Sauraron Mai Ɓoye Zance: Jagorar Karanta Littattafan Ɗaure Kai

A sanyin da ya wuce na ara wa ƙanwata wani littafi da na daɗe ina ji da shi. Kwana biyu tsakani ta kawo mini shi har gida a Anguwan Rogo, ta ajiye a kan tebur. "Yaya, ai tun a tsakiya na gano wanda ya yi. Daga nan sai na tsallaka ƙarshe na tabbatar." Na tambaye ta me ya sa mutumin ya aikata, me kuma ya sa matarsa ta kama bakinta shekara da shekaru alhali ta sani. Ta yi jim, sannan ta ce wannan kam ba ta lura ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin ta ci tseren, littafin kuwa ya wuce ta. Saboda ita da masu irin karatunta nake wannan rubutu.

Littattafan da nake nufi su ne waɗanda nake kira na ɗaure kai, wato ƙagaggun labaran da tashin hankalinsu yake cikin zukatan mutane. Sun sha bamban da labarin ɗan sanda mai bin sawu. A can tambaya ɗaya ce, wa ya yi kisan, kuma akwai mai binciken da ka amince da shi, kana biye da shi har ya damƙe mai laifi. A nan babu wanda aka ba ka ka jingina da shi. Haɗarin yana cikin gida: miji, mata, 'yar'uwa, aminiya, likita, wani lokaci ma shi kansa wanda yake ba ka labarin. Tun 1843 Edgar Allan Poe na Amurka ya rubuta wani ɗan gajeren labari wanda mai ba da shi ya buɗe baki da nanata cewa lafiyarsa ƙalau, shi ba mahaukaci ba ne, sannan ya shiga bayanin yadda ya kashe wani tsoho saboda idonsa. Ka san wanda ya yi tun daga farko, amma ba za ka iya ajiyewa ba, don kana son ka ji inda wannan murya za ta kai ka. Daɗin irin wannan karatu a sauraro yake, irin sauraron da ake yi wa wanda ya kawo ƙara shi kaɗai, abokin rigimarsa ba ya nan.

Mataki na farko: zaɓen littafin farawa

Kada ka fara da mai shafi ɗari biyar. Yawancin waɗannan littattafai da Turanci suke, wanda kuwa yake fama da harshe da kauri a lokaci guda ba zai samu sararin lura da dabarar marubuci ba. Nemi siriri mai gajerun babuka. In ni aka tambaya, na Oyinkan Braithwaite nake fara miƙa wa mutum, My Sister, the Serial Killer, wanda ya fito a 2018. A Legas labarin yake, wata ma'aikaciyar jinya ce take ba da shi. Ƙanwarta kyakkyawa tana kashe samarinta, ita kuma ana kiranta ta zo ta goge jini. Ban fasa maka ƙwai ba, tun a shafukan farko ake faɗa. Abin da zai riƙe ka tambaya ce da kowace babbar ya a gidan Bahaushe za ta gane: ina iyakar rufa wa ɗan'uwa asiri?

In Turancinka ya zauna, sai ka nemi Rebecca na Daphne du Maurier, na 1938. Yarinya ce ta auri mai dukiyar da matarsa ta rasu, ta tare a gidan da komai na marigayiya yake nan daram, har da mai kula da gidan da ta ƙi sakin uwar ɗakinta a zuci. Kishi da matacciya ke nan, kuma duk wadda ta taɓa tarewa a ɗakin wata ta san nauyinsa. Har littafin ya ƙare ba a faɗi sunan amaryar ba, sunan marigayiyar ne ma a bango. Cikin na baya-bayan nan akwai The Girl on the Train na Paula Hawkins, na 2015, inda mata uku suke karɓa-karɓar labari, ɗayarsu giya tana shafe mata abin da ya faru, da The Silent Patient na Alex Michaelides, na 2019, kan wata mai zane da ta harbe mijinta ta daina magana ɗungurungum. Gaskiya ɗaya da ya kamata in faɗa: da yawa daga na zamanin nan akwai shaye-shaye da ashar da zancen shimfiɗa a ciki. In da mai ƙarancin shekaru za ka ba, fara karantawa kai da kanka. Tsofaffin sun fi kame baki.

A nan Jos, masu shimfiɗa littattafan gwanjo a gefen titi wajen Terminus da Ahmadu Bello Way su ne madogarar yawancinmu. Kafin ka biya, buɗe ƙarshen littafin, ka rufe rubutun da tafin hannunka, ka bi lambobin shafi kawai ka ga sun jeru. Na taɓa kai wa babi na ƙarshe da tsakar dare na tarar an maimaita wasu shafuka na tsakiya a madadinsa, kuma sai da na yi makonni kafin na samu wani kwafin. Duba gefen shafukan farko ma, domin akwai masu karatun da suke zagaye sunan mai laifi da biro. In ka ga alamar tawada kusa da suna, kau da ido ka ɗauki wani. Sannan kada ka nemi sharhin littafin a intanet, ko sunan tauraro kada ka rubuta a Google, sau da yawa tun kafin ka gama rubutawa zai ƙarasa maka da abin da ba ka so ka sani ba.

Mataki na biyu: ba shafuka hamsin na farko haƙƙinsu

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. A shafuka hamsin na farko marubuci yake binne yawancin abin da zai tono daga baya, saboda haka ka karanta su a zama ɗaya ko biyu, kana cikin natsuwa. Karatun cikin keke daga Terminus zuwa Bauchi Road ya dace da tsakiyar littafi, bai dace da farkonsa ba. Garinmu ya taimake mu ta nan: daren Disamba da Janairu, bayan isha'i, sanyi ya kora kowa ɗaki, sai bargo da shayi da fitila mai caji. Waya kuwa a bar ta a wani ɗakin. In ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba, wuce abinka. Sai ta dawo sau uku sannan ka ɗauko ƙamus, don wadda ta dawo sau uku tana da aiki a labarin.

Mataki na uku: wa yake magana, me kuma yake nema a wurinka

Nan ne zuciyar al'amarin, nan kuma zan daɗe.

Gwaggona, yayar mahaifinmu, ita ake kai wa ƙara a danginmu in aure ya yi tsami. Ina yaro nakan raɓe a gefe ina kallon yadda take yi. Mace za ta zo ta yi awa guda tana zuba, Gwaggo ba za ta katse ta ba, daga "uhm" sai "to". In ta gama sai ta ce, "'Yar nan, na ji. Amma tsakanin fitarsa da dawowarsa, ke kina ina?" Kullum tambayarta a kan wurin da aka tsallake take sauka. Ba ta ƙaryata mai kawo ƙara, ba ta kuma yanke hukunci sai ta ji ta bakin ɗayan. Ban taɓa samun malamin karatun littattafan ɗaure kai da ya kai ta ba, ita da ba ta karanta boko.

Da ka buɗe littafi, yi wa muryar da ke magana tambayoyin Gwaggo. Wane ne wannan? Wa yake gaya wa, ɗan sanda ne, likita ne, kundin sirrinsa ne, ko ni? Wanda yake rubuta kundin da ya san za a karanta ba ɗaya yake da mai magana da zuciyarsa ba. Yaushe yake faɗa, abin yana cikin faruwa ne ko bayan komai ya lafa? In bayan ya lafa ne, to ya san ƙarshe, kuma da gangan yake ja maka rai. Babbar tambaya ita ce ta huɗu: me yake so in ɗauke shi? Mai haƙuri? Wanda aka zalunta? Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, aku ba don nishaɗi kawai yake zuba labarai ba, so yake ya riƙe ɗan sarki a gida kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Mai ba da labari yana da buƙata, labarin kuma makaminsa ne.

A 1961 wani masanin adabi ɗan Amurka, Wayne Booth, ya raɗa wa irin wannan murya suna, ma'anarsa mai ba da labarin da ba a dogara da shi. Amma kada ka ɗauka dukkansu maƙaryata ne. Akwai mai ƙarya da gangan. Akwai wanda kansa ya fara yaudara kafin kai, ya gaskata cewa shi mutumin kirki ne, kuma wannan ya fi wuyar kamawa domin ba ya jin yana ɓoye komai. Akwai wanda ciwo ko maye ko firgici ya ɓata wa tunani. Akwai kuma yaro ko baƙo, wanda yake faɗin abin da ya gani tsakani da Allah amma bai fahimce shi ba. Na ukun nan ba ƙirƙirar marubuta ba ce. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, suka tambayi wasu gudun motocin da kalma mai nufin sun ragargaje, wasu kuma da kalma mai sauƙi. Waɗanda aka yi wa tambaya da kalma mai zafi sun faɗi gudu mafi yawa, bayan mako guda kuma su suka fi cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Kalma ɗaya ta gyara musu abin da suke tunawa. In tauraruwa ta rantse ta ga abu da idonta, tambayi kanka wa ya fara ba ta labarin abin da ta gani.

Ga ɗan gwaji da na rubuta domin ka. Uwargida ce take magana:

"Ranar da Hajara ta ɓata ban leƙa ko ƙofar gida ba. Sanyin da aka yi ranar ko akuya ba ta son fita. Malam yana Bauchi tun Talata, gidan daga ni sai ita. Na yi shara, na jiƙa wake, na wanke takalmi na jingine a bayan ɗaki, na ɗora ruwan shayi. Da la'asar yaron maƙwabta ya faɗo daga kan katanga, unguwa ta ɗauki salati, aka kwashe shi sai asibiti, uwarsa tana ta kururuwa. Bayan isha'i na haɗa kofunan nan uku na wanke, na sa sakata na kwanta. Allah ya sani ban taɓa riƙe yarinyar nan a zuciya ba."

Karanta shi sau ɗaya kawai, kamar yadda za ka yi a littafi. Me ya tsaya maka? Jimlar ƙarshe ita ce ta fi fitowa fili, don babu wanda ya tambaye ta ko ta riƙe amarya a zuciya, ita ta kawo zancen. Wanda ya amsa tambayar da ba a yi masa ba, tambayar tana cinsa. Sai sakata: gida daga ita sai Hajara, Hajara ba ta nan, amma ta kulle ta kwanta ba ta ce ta jira ko ta yi cigiya ba. Ba a rufe wa wanda ake sa ran dawowarsa ƙofa. Sai kuma takalmi, wanda mai karatu zai ce, wadda ba ta fita ba me ya kai ta wanke takalmi a wannan sanyi? Tsakanin ɗora ruwan shayi da la'asar kuwa babu ko kalma ɗaya, kuma nan Gwaggo za ta sauke tambayarta. Akwai saura a ciki, na bar maka tukuna.

Mataki na huɗu: takarda mai gida uku

Samu rabin takarda ka riƙa sa ta a matsayin alamar shafi. Raba ta gida uku. A gida na farko rubuta abin da ya tabbata, wato wanda ya faru a gabanka ko wanda bakuna biyu da ba su haɗa kai ba suka faɗa. A na biyu, abin da mutum ɗaya ya gaya maka, da sunan wanda ya faɗa. A na uku, abin da babu wanda ya faɗa, kai ka ɗauka da kanka. Layi ɗaya ko biyu a ƙarshen babi ya isa, ba jarrabawa za ka zauna ba.

Za ka yi mamakin yadda gida na farko yake zama fayau, na biyu ya cika. Amma na ukun shi ne abin tsoro, domin ƙwararren marubuci ba ya son yi maka ƙarya kai tsaye, ya fi son ya bar gurbi ka cike da hannunka. Babuka biyu suna bin juna, sai ka ɗauka a mako ɗaya suke faruwa, alhali shekaru ne a tsakani. An ce "likitan", sai ka ga namiji a zuciyarka. Ana kiran wata da sunan yanka a wani babi, da laƙabi a wani, sai ka ƙirga mutum biyu. Saboda haka in babi yana da kwanan wata ko sunan mai magana a samansa, kada idonka ya tsallake shi. In kuma babu kwanan wata ko kaɗan a littafin da yake yawo tsakanin da da yanzu, rubuta wannan ma.

Inda ake ɓoye bakin zare ba shi da yawa. Ana cusa shi a tsakiyar jerin abubuwa marasa muhimmanci, kamar yadda takalmi ya shige tsakanin wake da ruwan shayi. Ana sa shi a bakin wanda ba a ɗauka da daraja ba, yaro ko mai aiki ko tsohuwar da ake cewa ta ruɗe. Ana kuma ajiye shi dab da wani abu mai ƙara, kafinsa ko bayansa, lokacin da hankalinka ya tafi can. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun sa mutane kallon bidiyon 'yan ƙwallon kwando, aka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. Wani sanye da kayan goggon biri ya ratsa ta tsakiyar fili, kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. Marubucin ɗaure kai ƙirga yake ba ka ka yi. Duk inda aka yi ihu a littafi, in ƙura ta lafa koma ka sake karanta sakin layin da ke gabansa da wanda ke bayansa.

Mataki na biyar: tsaya a tsakiya ka yi zato

In ka kai wajen kashi biyu cikin uku, rufe littafin. A zaman duniya an ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, amma a nan shi ne aikinka. Juya takardarka ka rubuta abin da kake ganin ya faru, wa ya yi, sannan dalili. Zaton da ba shi da dalili caca ce. In ka rubuta suna ka kasa rubuta me ya sa, ba ka gano komai ba tukuna.

Yi hattara da wanda aka cika nuna maka da yatsa, mai mugun kallo, mai fita da dare. Yawanci kitsen rogo ne. Sai dai kada ka watsar da shi, domin a littafi mai kyau shi ma yana ɓoye wani abu, kawai dai ba shi ne abin da kake nema ba, kuma gano nasa sirrin yakan share hanya. Ka tuna da shawarar nan da aka san marubucin Rasha Anton Chekhov da ita, cewa bindigar da aka rataye a bango a farkon wasa dole a harba ta daga baya. Duba takardarka: wane mutum ko wane abu aka ɓata lokaci wajen gabatarwa, har yanzu bai yi aikin komai ba?

To in zatonka ya yi ƙarfi har ka tabbata fa? Nan ƙanwata ta tsallaka, nan kuma ta yi asara. Alfred Hitchcock, mai shirya finafinan nan ɗan Ingila, ya yi bayanin wannan a hirarsa da François Truffaut na Faransa. Mutum biyu suna hira a tebur, bam ya tashi ba zato, mai kallo ya firgita na daƙiƙa goma sha biyar. Amma in an nuna maka bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun farko, ga agogo yana tafiya, hirar banzar da suke yi ta zama abin da ba za ka iya kau da kai daga gare ta ba har minti goma sha biyar. Wanda ya gano mai laifi ya ga bam ke nan. Daga nan kowace gaisuwa da mutumin nan zai yi, kowane abinci da zai miƙa, yana da fuska biyu, kuma kai kaɗai kake ganin ta biyun. Wannan kashi na littafin ya fi kowane daɗi, ban ga dalilin da mutum zai sha wahalar hawa ya ƙi tsayawa ya more shi ba.

Mataki na shida: auna ƙarshen

Ka kai ƙarshe, labari ya sha kwana, ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa. Kafin ka yaba, auna. Shan kwana na gaskiya yana sa ka ce "kai!" sannan nan take ka ce "ai kuwa haka ne", domin abubuwan da suka tsaya maka a baya duk sun faɗa mazauninsu. Na bogi "kai!" kawai yake sa ka faɗa, sai kuma haushi.

Tun 1929 wani limamin Katolika a Ingila, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na yi wa mai karatu adalci a labarin bincike. Daga ciki akwai cewa dole mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari, kada a warware matsala da abin gaibu, kada kuma tagwaye su ɓullo sai an share musu fage. An karya wasu daga cikin ƙa'idojin, wani lokaci ma da gwaninta, amma ruhinsu yana nan. Ta gaibun nan ta shafe mu sosai, don mun saba da labarin da in ya cuɗe sai a ce ashe asiri aka yi, ko aljani ne. Ba na cewa kada boka ya shigo labari, yana cikin rayuwar da muke gani. Amma in shi ne mabuɗi, a nuna mini layar tun babi na biyu, a kuma nuna mini zuciyar wadda ta je wurinsa, domin ita ce labarin.

Akwai wani ƙarshe da nake ƙi fiye da kowane, wanda ake tattara komai a ce ashe mai taɓin hankali ne, shi ke nan. Lalaci ne a rubutu, kuma zalunci ne ga marasa lafiyar da muke zaune da su a gidajenmu, waɗanda galibinsu ba su taɓa cutar da kowa ba, su ake cuta. Littafi mai daraja yana nuna maka yadda mai cikakken hankali yake taka matakala ɗaya bayan ɗaya, da kishi ko bashi ko tsoron kunya, har ya isa inda bai taɓa zaton zai isa ba. Wani lokaci ma akasin haka yake tonawa. Wasan kwaikwayon Patrick Hamilton na 1938, Gas Light, kan miji ne da yake sa matarsa shakkar hankalinta da gangan, tana ganin hasken fitila yana raguwa duk lokacin da ya fita ya bar ta. Na san matan da suka karanta irin wannan labari suka yi shiru, don sun gane ɗakin.

Mataki na bakwai: koma farko

Kada ka mayar da littafin ranar da ka gama. Washegari sake karanta babuka uku na farko. Yanzu ka san abin da muryar nan take ɓoyewa, za ka ga inda ta taka a hankali, inda ta faɗi gaskiya tsantsa ta hanyar da ba za ka gane ba. Littafin Agatha Christie na 1926, The Murder of Roger Ackroyd, kusan shekara ɗari ke nan ana komawa farkonsa saboda wannan, kuma ba zan ƙara ko kalma a kansa ba. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, sun ba ɗalibai gajerun labarai, wasu an riga an gaya musu ƙarshe, sai aka tarar galibi waɗanda suka san ƙarshen sun fi jin daɗi. Ni abin da na ɗauka a ciki shi ne karatu na biyu yana da nasa armashi. Ban ɗauke shi izinin fasa wa wani ƙwai ba, domin karatun farko sau ɗaya ake yinsa a rayuwa. In za ku tattauna, a zaure ko a WhatsApp, fara da tambayar shafin da ɗan'uwanka ya kai, kada ka wuce nan, ko da fuska.

Yanzu koma kan uwargidan Hajara, da takardarka a hannu. Kofuna nawa ta wanke? Uku, a gidan da ta ce daga ita sai amarya, kuma na ajiye su ne a bayan kururuwar uwar yaro. Wa ya ce Malam yana Bauchi? Ita kaɗai, saboda haka gida na biyu zancen zai shiga. Takalmin kuma, sake duba jimlar. Ba ta ce nata ba ne.

Na tura wa ƙanwata wannan ɗan sakin layi kafin in sa shi a nan. Bayan magariba ta kira ni. "Yaya, to in takalmin Malam ne, ita me ya sa take rufa masa asiri? Tsoronsa take ji, ko kuwa ita ta sa shi?" Na ce mata ban rubuta wannan ba tukuna. Ta ce za ta aiko a karɓar mata littafin nan da ta dawo da shi.